Kafin a Kankare Katangar Sito

4 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da uwargidanka Iya da duk mutanen gida. Yaya gwiwar nan da Umma ta ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Na san za ka ce yau kuma da wace aka zo, yarinyar da ta shekara huɗu ko gaisuwa ba ta aiko ba. Ba ni da bakin magana. Umma kullum sai ta tuna min cewa kakarta da kakanka ciki ɗaya suka fito. Na ji kunya, amma buƙatata ta fi kunyar ƙarfi. Da waya zan kira ka, to na san kunnenka ba ya shiri da waya, shi ya sa na biyo ta hannun direban da ke zuwa wajenku duk mako.

Ka tuna zuwan da na yi, ka raka ni bayan tsohon siton nan na layinku, na tsaya ina ɓantarar abin da ya manne a katanga, kana ta yi min dariya kana cewa ƙazwar katanga? To a kanta nake karatun digirina na uku. Ba datti ba ce, Kawu. Halittu biyu ne suke zaman tare: fumfuna ta yi rufi, gansakuka ta zauna a ciki tana haɗa musu abinci da hasken rana. Gansakukar nake nema. Tana yin wani launi ruwan goro da ke kare ta daga zafin rana, kuma ta katangarku ta fi duk waɗanda na gwada yawan launin.

Shekara uku ina renonta a 'yan farantan gilashi. Makon jiya na'urar da muke ajiye su a ciki ta lalace a ranakun hutu, ta ɗau zafi, ta dafe su tas. Ko ɗaya bai tsira ba. Farfesan da ke duba aikina ya ce in ban sake samo ta a raye na maimaita gwajin ƙarshe kafin ƙarshen Yuli ba, ba za a karɓi aikin ba. Ni kuma ina koyarwa, ba za a sake ni yanzu ba.

Don Allah ka je katangar baya, ƙasan indararo. Ka nemi mai toka-toka, wadda in ka karce ta da farce za ka ga ruwan goro a ƙasa. Ka ɓantaro min kamar guda goma, kowace girman farcen babban yatsa, ka ba direba. A raye nake son su, ka taimake ni.

'Yarka.

11 ga Maris

Malama Likitar Katanga,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Iya ta sa na karanta mata har sau biyu. Gwiwa da sauƙi, sai in na hau tsani take tuna min shekaruna. Ashe kina raye! Mu da muka ɗauka boko ya haɗiye ki.

Yanzu ke duk karatun nan da ake ta ba mu labari, ashe a kan ƙazwar katanga ne? Shekara talatin ina kankare ta ina zubarwa, da na san digiri ce da tuni na zama farfesa.

To ki saurara, don akwai labarin da ba zai yi miki daɗi ba. An sayar da siton. Wanda ya saya zai mai da shi shaguna, ya ba wani ɗan kwangila gyara, kuma ni ne babban mai fenti a aikin. Za a kankare katangun duka huɗu, a wanke su da maganin kashe gansakuka, a shafa fari. Ɗan kwangilar yana so a gama kafin ruwa ya sauka. Na ce masa mu fara ta gaba, don haka ta bayan tana da sauran kwana.

Saƙonki kuwa na yi shi yadda ya kamata. Na ɓantaro sha biyu, na ƙara miki biyu gyara. Da na ga sun bushe ƙamas, ga tafiya mai nisa, sai na tausaya musu. Tunda kin ce a raye kike so, na jiƙa auduga sharkaf na kwantar da su a kai, na ƙulle a leda biyu, na sa a gwangwanin fenti mai tsabta na buga murfin da guduma. Ko iska ba za ta shiga ba, balle ƙishirwa ta kama su. Iya ta ce ko jariri ban taɓa yi wa wannan hidima ba.

Ki gaida Ummanki.

Kawunki.

19 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Gwangwani ya iso jiya, bayan kwana shida a bayan mota cikin rana.

Da na buɗe, wari ne ya fara tarar ni. Duk sun ruɓe. Baƙar fumfuna ta rufe su, audugar ta zama kamar tsumman goge tukunya. Na duba ɗaya bayan ɗaya a madubin bincike har idona ya yi ja, babu ƙwaya ɗaya mai rai. Kawu, wa ya ce ka jiƙa su? Wa ya ce ka sa leda? Abin nan in ya bushe barci yake yi, yana iya makonni a haka. Ruwa da zafi da rashin iska su ne ajalinsa. A bushe ake ɗaukar sa, a takarda, shi ke nan!

Yanzu ga mako biyu sun tafi a banza, ga kuma maganar kankarewa da ta hana ni cin abinci. Abin da ke ƙasan indararon nan ba shi da yawa, na san faɗinsa, bai fi tabarma biyu ba. In aka ci gaba da ɓantara ana lalatawa, zan zo in tarar babu komai.

Don Allah kar ka sake taɓa katangar. Wannan ba aikin fenti ba ne, akwai yadda ake yin sa. Zan zo da kaina ranar goma ga Afrilu da kayan aikina. Abin da nake roƙo kawai, ka san yadda za ka yi ɗan kwangilar ya bar bayan sito har in zo. Ka rubuto min ranar da suka sa.

Ina sauri ne, direba na jira.

'Yarka.

2 ga Afrilu

Kawu,

Ina fata lafiya. Sau biyu ina zuwa tasha, direba yana cewa ya ba ka takardata hannu da hannu, ka karanta a gabansa, ka ninke ka sa a aljihu. Ko jikin ne? Ko Iya ce ba lafiya? Shirun nan yana tsorata ni.

Ga wata matsalar kuma. An ɗaga jarrabawar ɗalibaina, ba zan samu fita ba sai ashirin ga wata. Na roƙi shugaban sashenmu har na yi kuka a ofishinsa, ya ce ba shi da wanda zai tsaya min.

Wataƙila kana ganin na cika zaƙewa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bari in gaya maka abin da nake gani. Dangin gansakuka da yawa a ruwa suke, in ka fito da su rana ɗaya sun mutu. Amma a cikin shekaru masu ɗimbin yawa wasu suka saba da tudu, suka koyi jure bushewa, wasu kuma suka shiga zama da fumfuna. Ba sau ɗaya hakan ta faru ba, dangi daban-daban ne kowanne ya bi tasa hanyar. Tawa tana cikin masu tara launin nan ruwan goro, irin wanda ke cikin karas. 'Yan'uwanta sun fi son inuwa, ita kuwa tana zaune a katangar da rana ke duka tun azahar. Abin da nake son ganewa ke nan: me ya canza a jikinta har ta iya? In an gane, ana iya noma ta a samu launin da za a sa a abinci ko a man shafawa ba tare da guba ba.

Na zaga katangu sun fi arba'in a nan, na samu masu kama da ita, amma ba ita ba ce. Duk abin da na rubuta a shekara uku a kan ta katangarku ne. Ba zan iya sauya ta da wata ba.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Yaushe za su taɓa bayan?

'Yarka.

9 ga Afrilu

Malama,

Takardunki biyu sun iso. Muna lafiya, ba wanda ya kwanta.

Ban amsa ba ne don ban san me mai fenti zai ce wa mai ilimi ba. Kin ce wannan ba aikin fenti ba ne. Na gane. Na karanta layin nan ya fi sau goma, ko zan ga wata ma'ana, ban gani ba. Ni dai abin da na sani, kin ce a raye, ba ki ce a bushe ba. Mu a wajenmu abu mai rai ruwa ake ba shi. Na yi kuskure, na yarda, amma ko yaron da nake koya wa aiki ban taɓa yi masa irin wannan tsawa a takarda ba. Iya ta ce in bar ki, tashin hankali ne ya sa. Na ce to.

Katangarki ban taɓa ta ba, kamar yadda kika umarta. Ko inuwarta ba na bi.

Maganar jinkiri kuwa, na yi iya yina. Katangar gaba da ake gamawa a kwana huɗu na ja ta kwana tara. Na ce shafin farko bai bushe ba, na ce kalar ba ta hau ba, har na sa aka sake gefen gabas. Ɗan kwangilar ya fara kallona wani iri. Jiya ya ce min a gaban ma'aikata, in tsufa ne ya kama ni in faɗa, ya kawo wani. Ban taɓa jin irin wannan magana a bakin aiki ba, na haɗiye saboda ke.

Yanzu ya yanke: ranar Litinin, sha huɗu ga wata, za a shiga baya. Ya riga ya kawo jarkokin maganin da injin feshi, suna nan jibge a ƙofar sito. Ba ni da sauran dabara. In za ki zo, ki zo kafin nan. In kuma akwai abin da kike so mai fenti ya yi, sai ki faɗa dalla-dalla, tunda kanmu ba ya ja.

Kawunki.

17 ga Afrilu

Kawu,

Yau Alhamis takardarka ta shigo hannuna. Motar direba ce ta lalace a hanya, ta kwana biyar a gareji, takardar tana cikin aljihun ƙofa. Na karanta a tsaye a tasha, da na kai kan sha huɗu ga wata sai na zauna a kan buhun wani.

Kwana uku ke nan da wucewa. Na san an gama.

Ba zan ɗora wa direba ba, ba zan ɗora wa ɗan kwangila ba. Ni ce. Ni ce ban yi maka bayani tun farko ba, sannan na huce haushina a kanka, na ɗaure maka hannu da bakina. Wallahi ban nufi raina sana'arka ba, amma na sake karanta abin a zuciyata, na ga ko ni aka rubuta wa haka zan ji zafi. Ka sha wulaƙanci a gaban yaranka saboda ni, ni kuwa ko sannu ban ce maka ba. Ka yafe min, Kawu.

Ban gaya wa Farfesa ba tukuna. Na kasa. Zuwan ashirin ga wata kuma na fasa, ban ga abin da zan zo in kalla ba.

Abu ɗaya zan tambaya, in ka ga dama ka amsa. Ba abin da ya rage? Ko a bayan bututun indararo, ko a tsagin bulo, inda maganin bai kai ba?

'Yarka.

22 ga Afrilu

'Yata,

Share hawayenki ki karanta a hankali. Na yafe, ni ma ki yafe min, na yi fushi irin na tsofaffi.

A katanga dai babu abin da ya rage, ba zan yi miki ƙarya ba. Maganin nan ko tsagi bai bari ba. Amma bari ki ji yadda aka yi.

Ranar Litinin na jira ki har ƙarfe goma, ina leƙen bakin layi. Da na ga ba ke ba takarda, ga yara sun fara haɗa injin feshi, sai na ce a dakata. Na ce wa ɗan kwangila ni a ƙa'idar aikina ba a fesa wa tsohuwar katanga ruwa sai an kankare ta a bushe, in ba haka ba fenti zai yi ɓawo kafin shekara. Wannan kuwa gaskiya ce, ba dabara ba. Ya ce injin zai yi duka a awa ɗaya. Na ce to ya sa hannu a takarda cewa in ya ɓare ba ruwana. Ya yi tsaki, ya ce ya ba ni zuwa la'asar.

Na kori yaran, na ce ni kaɗai zan yi. Na shimfiɗa tsofaffin jaridu a gindin katanga. Na wanke ƙarfen kankarewa, na goge shi, na bar shi a rana ya bushe sarai. Na tuna kin ce a bushe, a takarda. Sai da rana ta daki katangar na hau tsani. Ban kankare irin na aiki ba, a hankali na riƙa ɗagowa da ɗan ɓawon siminti a jiki, ina karcewa da farce in ga ruwan goron kafin in cire. Na sama daban, na tsakiya daban, na gindin indararo daban, kowanne na ninke a takardarsa na rubuta inda ya fito da fensir. Ƙunshi goma sha tara. Awa biyu ina kan tsani, gwiwar nan har yau ba ta yafe min ba. Ina saukowa suka kunna inji.

Na saɓa umarninki, na taɓa. Shi ya sa ban aiko ba, na ɗora su a kan kabad inda iska ke shiga, ina tsoron kar in sake jin na ɓata. Kullum sai Iya ta ce in aika, ni kuma in ce sai an tambaya.

Ga su nan a kwali, na huda shi ta ko'ina. Na ce wa direba a gaba zai ajiye, kusa da shi, in ya sa a bayan mota ni da shi ne. Ban sani ba ko suna da rai. A idona dai shara ce.

Kawunki.

29 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta lafa. Na san na yi shiru fiye da wata guda, Umma ta ce har ka aiko ana tambaya. Na ƙi rubutowa ne sai ina da abin faɗa, don kar in ɗaga maka rai a banza.

Kwalin ya iso a bushe. Da Farfesa ya ga yadda ka ninke su da rubutun fensir, ya tambaye ni wane ɗalibi ne ya yi, na ce kawuna ne, shekararsa talatin yana aikin katanga.

Na wanke su, na yanka siriri, na shuka faranti sittin. Mako na farko fumfuna ta cinye ashirin da biyu. Mako na biyu wasu sha tara suka bi su. Kullum da safe in na buɗe na'ura sai na yi addu'a kafin in duba, kullum kuma sai na zubar da wani. Mako na huɗu saura bakwai, ba abin da ya motsa a cikinsu. Har na rubuta takardar janye aikina, na sa a jaka, ina jiran ƙarfin halin miƙawa.

Ranar Talata na ɗaga wani faranti daga ƙunshin da ka rubuta wa “sama, hannun dama, inda rana ta fi duka”. Na ga wani ɗigo kamar kan allura. Na sa a madubin bincike. Zare ne kore, siriri, ya yi rassa uku. Na matsar da shi kusa da fitila mai ƙarfi, yau kwana biyu, bakin zaren ya fara juyawa ruwan goro.

Ita ce, Kawu. Faranti biyu ne kacal suka tashi cikin sittin, amma ita ce. Lokaci ya matse, sai na yi da gaske kafin ƙarshen Yuli, amma Farfesa ya ce zai yiwu. Na raba ta gida uku, kowanne a na'ura daban, ɗaya ma a wani ginin.

Ban san da wane baki zan gode maka ba. Ina gama gwajin zan zo, ba don katanga ba.

'Yarka.

5 ga Yuni

Likitar Katanga,

Alhamdu lillahi. Iya ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, na rasa yadda zan yi musu bayanin cewa ƙazwa ce ta tsiro.

An buɗe shagunan shekaranjiya. Katangar baya ta yi fari fat, santsi kamar faranti, ban taɓa yin aikin da ya kai ta kyau ba. Kowa ya wuce sai ya yaba. Ni kuwa tun da na karanta takardarki na daina bi ta nan, ta gaba nake zagayawa ko da ya fi nisa. Na je sau ɗaya na tsaya a ƙasan indararon, na karci fentin da farce, ba komai a ƙasa sai siminti. Sai na ji wani iri, don da hannuna na tashe su.

Ki riƙa duba na'urorin nan ko ranar hutu ne. Yanzu ba su da wani gida sai wajenki.

Kawunki.